Ƙofar da Maharazu Ya Buɗe Kowa Ya Ƙi Bi

Maharazu ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan halal ne, shi ma ya sani. In ya ji haushi ya rubuta nasa.

Shekararsa goma sha huɗu yana aiki a wani ofishin gwamnati a Faskari. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ina da iyali. Aikinsa ɗaya ne tak: duk takardar da ta shigo sai ta fara sauka a tiren da ke kan teburinsa, ya buga mata hatimin "An karɓa", sannan ta wuce wurin shugabar sashen, Hajiya Shafa'atu. Takardar da ba ta sha hatimin Maharazu ba, a idon hukuma ba a ma haife ta ba. Wadda ta sha kuwa ta tafi ke nan, ko birgima za ka yi.

Ni kuma shago gare ni a bakin tasha, ina cajin waya, ina tura wa mutane finafinai da wasanni. Wata Litinin da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana bakin aiki, sai ga shi da wata tsohuwar laftof a hammata, hula a karkace.

"Ɗanliti, kalle ni da kyau. Kwanan nan za ka daina ganina a matsayin ma'aikaci."

"Korarka suka yi? Ai sun yi haƙuri da yawa."

"Kai dai ba ka da ilimi. Gem zan ƙera."

"Na ƙwallo ko na harbi?"

Ya yi tsaki, ya ture wayoyin mutane gefe ya aza laftof. "Wannan fasaha ce. Irin wanda mutum ɗaya ke yi a ɗakinsa, ba kamfani, ba ubangida. Duniya ta gani ta fashe da kuka."

"Ai kukan kam za a yi."

Wai akwai darasi goma sha biyu a intanet na yadda ake haɗa gem, ya kalli bakwai, sauran biyar ɗin na masu taurin kai ne. Sunan gem ɗin Tserewa. Ga mutum zaune a ofis, fanka na juyawa a kansa, takarda ta faɗo ya danna ya buga mata hatimi, wata ta faɗo ya buga, wata ta faɗo. Haka har ransa ya fara fita. Can sai ƙofa ta ɗan buɗe, haske ya shigo. In ka danna ƙofar, mutumin ya tashi ya arce, ya bar ofis har abada. Ka ci gem ke nan.

"In ya arce ina za shi?"

Maharazu ya lumshe ido. "Gona. Iska. 'Yanci."

Na dube shi. Rabon Maharazu da riƙe fartanya tun yana aji shida, kuma ranar ma yatsan ƙafarsa ya nome.

Bai tsaya nan ba. Ya zaro takarda daga aljihu, ya ɗaga murya yadda Zailani mai shayi da ke gefena da duk masu karyawa za su ji. Takardar ajiye aiki ce, shafi biyu cif. A ciki ya ce ofishin kabari ne mai fanka. Ya ce ya bar musu kujerarsu su ba akuya, ita ma in ta yi sati za ta nemi canjin wurin aiki. Ya ce muryar Hajiya Shafa'atu ta cinye masa kunnen hagu, na daman ne ya rage kuma da shi zai gudu.

Zailani ya tsaya da ludayi a sama. "Ka kai mata wannan?"

"Na shigar. Tana cikin tirena, can ƙasa. Ranar da gem ɗina ya shiga waya dubu, da hannuna zan buga mata hatimi, in fito ina taku ɗai-ɗai."

To ka ji inda aka kwana. Aikinsa, da fanshonsa, da tuwon gidansa, duk suna kwance ƙasan tire, tsakaninsu da halaka bugun hatimi ɗaya.

Aka shiga aikin fasaha. Zanen duk da biro ya yi shi a bayan tsofaffin fom, ya ɗauki hoto da waya. Mutumin gem ɗin kansa kamar ƙwarya, ƙafafu kamar tsinken tsire. Da aka zo kan ƙarar hatimi, ya ce na gaskiyar ba ya shiga zuciya, sai ya tafi gida wurin matarsa Mero tana daka, ya miƙa waya bakin turmi. Ina nan, ni na riƙe masa laftof.

"Maimaita, Mero. A hankali. Da baƙin ciki."

Ta tsayar da taɓarya. "Shekara tara ina daka a gidan nan ba ka taɓa cewa sannu ba, yau ka zo kana gyara mini hannu?"

"Ke ba ki gane ba, so nake duniya ta ji dakan baƙin ciki."

"Dakan baƙin ciki kake so? Bar aikin. Za ka ji shi safe da yamma, turmi ba komai a ciki."

Ta narka taɓarya sau goma, a na goman zakaran maƙwabta ya yi cara. Maharazu bai kai darasin da ake cire ƙara ba, don haka duk hatimi na goma sai zakara ya yi cara a tsakiyar ofis. Ya ce da gangan ya bari, kiran 'yanci ne.

Wata uku ana haka. A ofis kuwa ba ya taɓa takarda ko ɗaya. Tiren ya cika ya yi tozo, ya zama katanga, shi kuma ya laɓe a bayanta da laftof. In Hajiya ta aiko tambaya ya ce tawada ta bushe. Aka kawo tawada, ya ce mariƙin hatimi na girgiɗi. Aka ɗaure da roba, ya ce yana tantancewa.

Ranar da ya gama, Zailani muka fara ba. Ya goge hannu a riga, ya karɓi waya, ya fara bugawa. Dum. Dum. Dum. Zakara. Maharazu na tsaye a kansa yana leƙen fuskarsa, yana jiran hawaye. Ƙofa ta buɗe, Zailani bai ko kalle ta ba. Ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Danna ƙofar mana!"

"Don mi? Ban gama aikina ba."

"Ba ya ƙarewa! Ma'anar ke nan!"

"Aikin da ba ya ƙarewa, ga fanka, ga kujera mai jingina? Maharazu, ka san ƙarfe nawa nake hura wuta?"

Maharazu ya kai hannu ya danna masa da ƙarfin tsiya. Mutumin ya tashi ya ruga, allo ya yi fari, sai ga gona, rana ƙatuwa kamar faifai a sama, mutumin tsaye da fartanya. Zailani ya daɗe yana kallo.

"Na faɗi ke nan ko?"

"Ka ci!"

"Na ci aka ba ni fartanya? To wanda ya faɗi mi ake ba shi?"

Maharazu ya ƙwace wayar ya ce mai shayi ba ya gane fasaha, hayaƙi ya gama da kansa. Mutanen karkara, su da suka san daɗin iska, su ne za su fahimta. Don haka ranar kasuwar Sheme muka ɗauki lasifika da janareta muka kafa tebur kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Ya sa babbar riga da baƙin tabarau, ya hau benci.

"Jama'a! Yau za a 'yanta ku! Gem na farko da aka haifa a ƙasar Faskari, ba ya cin data, ba ya neman sabis!"

Jin ba ya cin data, aka yi layi. Ni ina turawa, shi yana wa'azi. Kafin azahar kasuwar ta cika da dum, dum, dum, zakaru na cara ta ko'ina har kajin gaske suka rikice suka fara amsawa. Sai ga Alhaji Nata'ala dillalin shanu ya ratso jama'a, ya dangwara wayarsa a tebur.

"Malam, abinka ya lalace."

"Ina, Alhaji? Ba ya lalacewa."

"Ƙohwa ce ke buɗewa ita kaɗai. Ina cikin aikina, yatsana ya kuskure, sai na gan ni a gona. Ni da na sayar da gonata don kar in sake ganinta! Maida ni ohis."

"Alhaji, gonar ita ce ladan."

"Ladan uban wa? Maida ni, kuma ka sa wa ƙohwar ga sakata."

Wani manomi daga baya ya ɗaga tasa. "Ni na yi ɗari huɗu ban hita ba!" Wani ya ce ɗari shida. Kan ka ce mene ne, an fara gasa, wanda ya fi daɗewa a kujera shi ne gwani, wanda ya taɓa ƙofa a yi masa ihu a ce an kore shi daga aiki. Maharazu yana kan benci yana ta "Ku fita! Ku fita!" ba mai jin sa, sai wani bijimi da ya tsinke igiya saboda lasifikar, shi kaɗai ya bi umarni. Ya bi ta ƙarƙashin teburinmu. Babbar rigar Maharazu ta raka shi har bakin titi.

Kwana uku bai zo shagona ba. Ran na huɗu ya dawo da sabon tsari: tunda ba su ga munin ofis ba, zai ƙara masa muni.

Ya sa a riƙa ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Mutanen Kankara suka aiko cewa ba komai, inuwa ma rahama ce. Ya zana wata ƙatuwar inuwa mai ɗaurin ɗankwali tana leƙowa tana faɗa, da muryarsa ya yi, ya matse hanci. Masu wasa suka ce baiwar Allah tana da gaskiya, aiki sai da tsawatarwa, suka ƙara sauri. Ya saki ɓeraye suna cin takardu. Aka gano in ka danna ɓera da hatimi yana mutuwa, sai gem ya ƙara daɗi, har waɗanda suka gaji suka dawo.

Ya ce to ashe gonar ce ba ta burge su ba. Ya zauna sati guda ya ƙawata ta. Dawa ta nuna jajir, ya zuba mata garken tsuntsaye a sama saboda kyau, ya sa akuyoyi uku suna kiwo a tsakiya saboda natsuwa, ya sako ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Muka kai Sabuwa, ya tara manoma a gindin wata bishiya ya nuna musu a laftof, yana murmushi.

Wani dattijo ya cire hula ya dafe kai.

"Innalillahi. Jan-baki a kan dawa."

"Ado ne, Baba."

"Ado? Wanga garke kahin la'asar ya bar maka kara. Ga ruwa a kan dawar da ta nuna. Gonar wane marar rabo ce wannan?"

Wani ya matso da fuska kusa da allo. "Tsaya. Akuyar ga mai baƙin kunne, ba ta Jabiru ba ce?"

Jabiru na zaune a gefe, ya miƙe. "Akuyata tana ɗaure a gida!"

"Haka ka ce bara da ta shiga waken Malam!"

"Zane ne!" in ji Maharazu. "Ni na zana ta da biro!"

"To a ina ka gan ta har ka zana, in ba a gona ba?"

Sai da mai unguwa ya zo aka raba. Mun baro Sabuwa ba a yi mana rakiya ba.

Daga nan ya fusata. Ya sa doka a gem: in ka buga ɗari, ƙofa ta buɗe da kanta, iska ta kwashe ka ta jefa gona, ko kana so ko ba ka so. Kwana biyu da sakin wannan sai ga mutum bakwai daga Pauwa a kan babura, fuska ba annuri, suka tsaya ƙofar shagona.

"Ina mai ohis ɗin?"

Na nuna shi da haɓa, yana bayan janareta.

"Malam, mun zo jin laihinmu. Ba mu makara ba, ba mu bar takarda ta kwana ba, ɓera ko ɗaya bai tsira a hannunmu ba. An kore mu ba ko gargaɗi."

"Ba kora ba ce, 'yantarwa ce."

"Mun ji. A maida mu bauta."

Ni dai mutum ne mai tausayi. Ina da tsohon gem ɗin a ajiye, wanda ba ya korar kowa, na tura musu, suka tafi suna sa mini albarka. Daga ranar duk wanda ya zo sai ya ce, "Ba ni mai sakata, kar ka ba ni mai kora."

Rannan ana shan shayi na ce, "Af, taubashi, albishirinka. Jiya waya ta dubu ta karɓa. Yaushe za mu rakiyar hatimi?"

Shayi ya sarƙe shi. Zailani ya ce, "Ni zan rufe tebur in zo. Taku ɗai-ɗai ka ce ko?"

"Ba a ƙirga waɗannan! Ba su fahimci gem ɗin ba. Mutum ɗaya ya fita da son ransa, ɗaya tak, ku ga aiki."

A lokacin kuwa sunan mutum ɗaya ke yawo daga Kankara har Sabuwa: Baba Gide na Ketare. Tsoho ne ya doshi saba'in, manomi tun yana yaye, da wayar 'yarsa Ummu Salma yake bugawa. Takarda dubu goma sha ɗaya ba tare da ya ko waiwayi ƙofa ba. An ce in yana wasa ko gaisuwa ba ya amsawa, sai ya ce a dawo bayan an tashi.

Na ce wa Maharazu, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na fara faɗa, daga baya ne ta rabu biyu, "Ai tsohon nan bai san ofis na gaske ba. Ka ɗora shi a kujerarka ta gaske rabin awa, a gaban jama'a. In gwanin gwanaye ya fito da gudu, magana ta ƙare."

Ya buga cinya. "Wannan ita ce shawarar da nake shirin yankewa."

Aka sa ranar Alhamis, don ya ji Hajiya za ta taro Katsina. Labari ya bazu. Da hantsi harabar ofis ta cika, 'yan Pauwa da baburansu, 'yan Sabuwa mota guda har da Jabiru, Alhaji Nata'ala da sandarsa, Zailani ya kawo tukunyar shayi ya kafa a gindin darbejiya. Mero ma ta zo, ta tsaya can baya da mayafi, ta ce ta zo ganin inda tuwonta zai faɗi.

Baba Gide ya iso cikin farar riga da aka yi wa guga har tana ƙara, da biro biyu a aljihu, shi da ba ya rubutun boko. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Maharazu ya riga ya kashe fanka, ya rufe taga ɗaya, ya ɗauke matashin kujera. Ya tura masa tarin tsofaffin jaridu da hatimi da tawada.

"Baba, ga shi. Ka buga a nan har ka gaji. In ranka ya ƙuntata kar ka ji kunya, ga ƙofa."

Tsoho ya zauna a hankali, ya shafa hannun kujerar kamar mai shafa kan jika. "Ashe haka take. Bismillahi."

Maharazu ya fito baranda, ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci jama'a. "Ku duba agogonku! In ya yi minti talatin bai nemi hanya ba, ku canza mini suna. Ni da na yi shekara goma sha huɗu a ramin nan, ni na san abin da ke ciki. Ni zaki ne aka ɗaure da igiyar fayil!"

Dum. Dum. Dum. Dum.

"Kun ji? Ƙarar baƙin ciki ke nan!"

Ni ina jikin tagar da ba a rufe ba. Jaridun nan minti uku suka yi. Baba Gide ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a kan tire. Takardun wata uku, tsayinsu ya kai ƙirjinsa. Wallahi na ga fuskar tsohon nan ta yi haske. Ya naɗe hannun riga, ya jawo ta sama. Na so in yi magana, amma bakina cike yake da gyaɗa, kuma ba kyau mutum ya yi magana da abinci a baki.

Dum-dum-dum-dum-dum.

"Kun ji ya ƙara sauri? Ya ƙagu! Yanzu za ku gan shi a guje!"

Wani daga 'yan Pauwa ya ce, "Zakara bai yi cara ba." Zailani ya yi musu cara daga gindin darbejiya, aka kwashe da dariya. Ana cikin dariyar wata farar mota ta shigo harabar. An ɗage taron Katsina, tun a hanya aka bugo mata.

Hajiya Shafa'atu ta fito, ta dubi jama'a, ta dubi tukunyar shayi, ta dubi Maharazu.

"Malam Maharazu, suna ake yi ko biki?"

"Ranki ya daɗe, wayar da kai ce. Wayar da kan al'umma."

Dum. Sai shiru.

Baba Gide ya fito baranda rungume da takardu har haɓa, ya durƙusa ya ajiye a gabanta. "Hajiya, barka da sauka. An gama. Akwai saura?"

Ta ɗaga ta sama ta duba, ta leƙa ofis ta ga tire wayam, har ƙurar ƙasansa ana gani. "Wata uku ina jiran takardun nan. Wane ne wannan bawan Allah?"

"Gide, daga Ketare. Dubu goma sha ɗaya, ban taɓa hita ba."

Abin da ke ƙasan tire shi ake bugawa ƙarshe, kuma shi ke zama a sama. Maharazu ya gane haka daidai lokacin da Hajiya ta gyara tabarau.

Ta fara karantawa a zuci, sai ta ga abin ya fi ƙarfin zuci, ta ɗaga murya. "Kabari mai fanka." Ta dubi sama. "Ku ba akuya." Jabiru ya ce shi dai tasa tana gida. "Muryar Hajiya ta cinye mini kunnen hagu." Ta sauke takardar. "Malam Maharazu, matso da na daman. An karɓa. Ga hatimi, ga kwanan wata."

"Ranki ya daɗe, fasaha ce! Ba takarda ba ce, wani ɓangare ne na gem!"

"Hatimin ma na gem ne?"

Zailani ya ɗaga murya, "Taku ɗai-ɗai, Maharazu! Ga ƙofa a buɗe!" Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, "Fita! Fita! Fita!" 'Yan Pauwa har da tafi. Suka dare gida biyu suka buɗe masa hanya tun daga baranda har bakin titi. Alhaji Nata'ala ya ce in fartanya ce matsala, shi zai ba da kyauta. Can ƙarshen hanyar Mero ce tsaye, ta naɗe hannu.

Maharazu ya dubi hanya, ya dubi Mero. Sai kawai ya yi tsalle ya fizge takardar daga hannun Hajiya, ya dunƙule, ya cusa a baki.

Sai ƙarar tauna. Shafi biyu ne, kuma takardar gwamnati ce mai kauri. Tawadar ba ta bushe ba, leɓensa ya koma shuɗi, haɓarsa ta bi. Hajiya ba ta motsa ba, ta bar shi har ya haɗiye, idanunsa sun yi ja.

"Ranki ya daɗe," ya ce da ƙyar, "wace takarda?"

"Madalla. Ni dai abin da ke hannuna da shi nake aiki, wanda babu ban san da shi ba." Ta sunkuya kan tarin. "Amma kai ka fi kowa sanin ƙa'ida. Takardar ajiye aiki kwafi nawa ake yi?"

Ya goge leɓe. "Uku."

"Baba, nawa ka buga?"

"Duka ukun, Hajiya. Ba na tsallake."

Ta zaro ta biyu ta riƙe da yatsa biyu, ta kau da kai gefe kamar mai kallon tsuntsu. Zailani ya ratso da kofi. "Da madara ko baƙi?" Ta biyun da shayi ta wuce, a yage ƙanana, jama'a na ƙirga masa loma. A loma ta tara wani ya yi cara, ya ce ya ƙagu a kai ta goma.

Da ta zaro ta uku Maharazu ya zauna daɓas a baranda, yana numfashi sama-sama, ya ɗaga hannu alamar a ba shi minti ɗaya. Sai Baba Gide ya gyara murya, ya matso gaban Hajiya cikin ladabi.

"Hajiya, a gahwarce ni. In cin takarda ne sharaɗin kujerar ga, yaron nan ya ƙoshi. Ni ko ban karya ba tun sahe. A bar mishi wannan ta wuce, ni a kawo mini biyar in ci in hau kujerar."

Ban taɓa ganin mutum ya tashi daga zaune da sauri irin haka ba. Ta ukun ko yagawa bai yi ba, ko shayi bai nema ba. Yana taunawa ya ruga cikin ofis, ya faɗa kujera, ya rungume tire da hannu ɗaya, ya kai ɗayan ya danna sakata.